Tambaya da Amsa: Wane Bature ne ya kawo jirgin ƙasa Kano?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah a raba mana gardama, ni da abokina mun kwana biyu muna musu, shi ya ce Gwamna Lugga ne ya shimfiɗa layin dogo zuwa Kano, ni kuma na taɓa ji an ce wani soja ne injiniya. Wanne ne gaskiya? Daga mai karatunku a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. To kai ne ka fi kusa da gaskiya, amma kar ka yi wa abokin naka dariya da yawa, don Lugga ya daɗe yana naci a kan a yi reluwe a Arewa, sai dai ya bar kujerar a 1906 ba a kai ga farawa ba. Wanda ya gaje shi a 1907 shi ne Sir Percy Girouard, hafsa a rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya, kuma kusan don wannan aikin ma aka turo shi.

Mutumin haifaffen Montreal ne a Kanada, 1867, ya yi kwalejin soja ta Kingston, ya ɗan taɓa aiki da kamfanin jirgin ƙasa na can, sannan ya shiga sojan Ingila a 1888. Amma inda ya yi suna Sudan ne. Lokacin Janar Kitchener, Baturen Ingila mai jagorantar sojan Masar, na son ya kai yaƙi wurin Halifa Abdullahi magajin Mahadi, matsalarsa ba bindiga ba ce, yadda zai kai abinci da harsashi da sojoji ne, saboda kogin Nilu ya yi wani dogon lanƙwasa ga duwatsu a cikin ruwan da ke hana jirgi wucewa. Sai aka ce a yanke ta cikin hamada kawai, daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad, mil ɗari biyu da wani abu, ba gari ba inuwa ba ruwa, aka ɗora wa Girouard aikin yana laftanan ɗan shekara 30. Ka duba fa, injin jirgin wancan zamanin da tururi yake tafiya, wato shi kansa ruwa yake sha, ga leburori su ma sai sun sha, don haka kowane jirgi sai ya jawo tankokin ruwansa tare da ƙarafan dogon da za a shimfiɗa a gaba, dogon na ƙara nisa kayan ruwan na ƙara cinye wuri. Sun haƙa rijiyoyi a hanya suka yi sa'a suka samu ruwa a wuri biyu. An fara a Janairun 1897, kafin ƙarshen Oktoba layi ya isa Abu Hamad, a 1898 ya kai Atbara, a Satumban shekarar aka yi yaƙin Omdurman inda aka kashe dubban mutanen Halifa. Ni dai a ganina wannan dogon ne ya ci yaƙin tun kafin a harba bindiga.

Daga nan ya riƙe reluwen Masar, ya riƙe na soja a yaƙin Afirka ta Kudu.

Namu na nan kuwa ba daga Legas ya faro ba kamar yadda mutane da yawa ke zato, daga Baro ne a bakin kogin Kwara, inda jiragen ruwa ke sauke ƙarafa, ya bi ta Minna da Kaduna da garinku Zariya. Shi kansa Girouard bai ga isowarsa ba, an mayar da shi Kenya a 1909, dogo ya shiga Kano a 1911. Abin dariyar shi ne auduga Turawan suka sa wa rai don masaƙun Ingila, sai manoma da fatake suka duba suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, nan da nan tashar Kano ta cika da buhunan gyaɗa.

A Kenya bai wanye lafiya ba, rigimar tashin ƙabilar Masai daga ƙasarsu ta kiwo ce ta sa ya ajiye aiki a 1912. Ya rasu a Landan a 1932. Ka ce ina gaida abokin naka.