Wace manhaja ta dace da tsara zangon rediyo na layin waya?

Tambaya: Ni injiniya ne a Katsina. An ba mu aikin tsara inda za a kafa sababbin turakun sadarwa daga Katsina zuwa Daura. Wace manhaja za mu saya?

Amsa: Malam, fara tambayar kamfanin da ya ba ku aikin wace manhaja yake amfani da ita, don a cikinta zai buɗe aikinku. Manyan kamfanoni galibi Atoll suke riƙe da ita, ko Planet, ko ASSET, kuma lasisinsu da kuɗin waje ake biya. Radio Mobile kyauta ce, tana isar mai haɗa turke da turke a karkara, amma ba ta lissafa cunkoson masu kira a 4G.

Sai dai kuɗinku ya fi amfani a kan taswira. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, don haka taswirar tudu da kwari da ake kira SRTM, mai nuna tsayin ƙasa a kowace tazarar mita 30, ta wadatar a ƙauyuka. Cikin birni kuwa sai mai mita 5 ko ƙasa da haka, wadda ta bambance gine-gine da fili. Gidajen cikin ganuwa a cushe suke, ga katangar ƙasa mai kauri ga rufin kwano, sabis yana raunana sosai kafin ya shiga ɗaki.

Duba kuma tsarin da manhajar ke bi wajen hasashen inda sabis zai kai. Tsarin Okumura-Hata ya tsaya a megahaz 1500 (ma'aunin zangon rediyo), tsarin COST-231 kuma ya kai 2000. Ke nan za su ɗauki zangon 900 da 1800, amma ba 2600 ba, balle 3500 na 5G da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjonsa a 2021. Duk wanda kuka zaɓa, sai kun zagaya da mota kun auna ƙarfin sabis, kun daidaita shi har saɓanin hasashe da awo ya sauka ƙasa da desibel 8 (ma'aunin ƙarfin sabis). Wanda ya tsallake wannan, taswirarsa za ta yi kyau a allo, mutane kuma suna hawa katanga neman sabis.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cakuɗa lambobin wuri na tsarin awon taswira na Najeriya (Minna) da na tsarin GPS (WGS84), sai turke ya gusa daga inda yake. A tsarin UTM, wanda ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya, Katsina tana shiyya ta 32.

Wajen Jibiya da Kongolam da ke kan iyaka, a sunkuyar da eriya don kada sabis ya tsallaka, kuma a tabbata manhajar tana lissafa katsalandan daga turakun Nijar. Kafin biya, ku nemi lasisin gwaji ku jarraba ta da turke biyar da kuka san awonsu.