Kada ki sayi wannan kwalbar, 'yar'uwa

Wata baiwar Allah ta rubuto daga Garwa: "Malam, tun rasuwar mahaifinmu bara ƙanena ya rufe shagonsa. Ba ya ci, ba ya barci, sai kallon bango. Na gani a Facebook wai allurar ketamin na warkar da ciwon damuwa cikin kwana ɗaya. Wani mai sayar da maganin dabbobi ya ce zai samo mini kwalba a kan jaka goma. In saya?"

Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ba ƙanenki lafiya. Amsata a'a ce, kuma ina roƙonki da babbar murya.

Abin da kika gani ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Ketamin allurar barci ce ta tiyata, an haɗa ta a Amurka a 1962, har gobe likitocin mutane da na dabbobi suna aiki da ita. A shekarar 2000 masu bincike a jami'ar Yale suka nuna cewa kaɗan daga cikinta na iya ɗage damuwa mai tsanani cikin 'yan awoyi. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'inta da ake fesawa a hanci, mai suna Spravato.

To amma ga wa? Ga wanda ya riga ya sha magungunan damuwa iri biyu yadda ya kamata, ba su yi masa aiki ba. Kuma a asibiti ake bayarwa. Marar lafiya na kishingiɗe, na'urar awon jini ɗaure a damtsensa, ana sa masa ido awa biyu, domin jini kan hau, mutum kan ji kamar ya rabu da jikinsa, wani ya firgita. A wuraren da ake haɗawa da tattaunawa, ƙwararre kan zauna da shi kafin allurar da bayanta, su warware abin da ke cin ransa. Sauƙin kan gushe bayan kwanaki idan ba a ci gaba da kulawa ba. Kwalbar kasuwa ba ta zuwa da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ba ki ma san abin da ke cikinta ba. Ga jaraba, ga lalata mafitsara ga mai yawan amfani da ita. Mun dai ga yadda tramol ya yi da samarinmu, shi ma da sunan magani ya shigo.

Ƙanenki ko matakin farko bai taka ba. Jaka goman nan ki kai shi babban asibiti da ita, ki ce kuna son ganin mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai magunguna masu sauƙin kuɗi irin su amitriptyline da fluoxetine. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga canji sosai, saboda haka kada ya daina a mako na biyu. Addu'a kuma a ci gaba da ita tare da maganin.

Yau da dare ki zauna kusa da shi, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin mutuwa. Tambayar ba ta sa mutum ya kashe kansa. Idan ya ce e, ki kawar da maganin ƙwarin auduga da duk wata guba daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, ku tafi asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.