Ko dashen hanta zai kawar masa da karkarwar?

Tambaya: Likita, ƙanena ɗan shekara 19 an gano yana da cutar Wilson. Hannunsa na karkarwa, maganarsa ta yi nauyi, yawu na zuba. Da ya fara shan penicillamine, maganin fitar da jan ƙarfe daga jiki, sai abin ya ƙaru, muka dakatar da shi wata biyu ke nan. Muna shirin sayar da gona a kai shi dashen hanta. Zai dawo kamar da? Daga wani mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Malam, Allah ya ba shi lafiya. Dashe yana gyara tushen cutar, domin hanta ce ta kasa fitar da jan ƙarfe ta cikin ruwan matsarmama, sabuwar kuwa za ta fitar. Amma ƙwaƙwalwa, inda jan ƙarfen ya taru ya kawo karkarwar, ba ta da tabbas. Wasu karkarwar na raguwa sannu a hankali cikin watanni ko shekaru, wasu kuma inda ya riga ya lalace ba ya komawa. Shi ya sa aka fi yin dashe ga wanda hantarsa ta gaza, yin sa don karkarwa kaɗai kuwa har yau likitoci ba su yi ittifaƙi a kai ba. Bayan dashen ma akwai maganin hana jiki ƙin hantar, irin su tacrolimus, har ƙarshen rai, shi kansa yana iya sa karkarwa.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wata biyun nan. Wa ya ce ku dakatar? An san penicillamine, wanda ake amfani da shi tun 1956, yana iya tsananta alamun ƙwaƙwalwa a farko. Idan haka ta faru likita ke rage yawansa, ko ya sauya zuwa wani maganin, trientine ko zinc. Amma a ajiye magani gaba ɗaya, jan ƙarfe ya ci gaba da taruwa, wannan shi ke kashe hanta, wani lokaci farat ɗaya. Kullum sai na ji wannan magana: jiki ya yi sauƙi an bari, jiki ya yi tsanani an bari. Daga nan sai mai lasifika a bakin kasuwa ya ce ciwon shawara ne, ya haɗa jiƙo, wani ya ce iska ce a yi turare. Hantar da ke fama da kanta ake ɗura wa sassaƙen da ba a san mene ne ba! Addu'a ku yi ta yi, amma ba ta hana shan ƙwaya.

Ku bar gonar tukuna. Ku mai da shi wurin likitansa a wannan makon, a auna hanta da jan ƙarfen fitsarin awa 24. Ya kuma bar cin hanta, don tana da jan ƙarfe da yawa.

Sannan ku zo da duk 'yan uwansa uwa ɗaya uba ɗaya, har da kai, a gwada ku. Cutar gado ce daga uwa da uba duka, an fi ganinta inda ake auren zumunci, kuma kowannenku na iya kasancewa yana da cutar, ɗaya cikin 4, ko da yana jin garau.