Amsa ga ɗalibar da ta ce ba ta ga fasaha a waɗannan shafukan ba

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta tambayarki, inda kika ce malaminku ya ba ku jerin shafukan intanet da ake kira ayyukan fasaha, ya umarce ku da ku duba su kowa ya rubuta abin da ya ji, ke kuwa da kika shiga sai kika tarar da wani shafin duk tarkacen haruffa ne, wani ya ƙi buɗewa sam, wani kuma kin yi ta dannawa ba ki ga inda aka dosa ba. Kina tambaya ko wannan ma fasaha ce, kuma idan ita ce, me mutum zai rubuta a kai. Na yi irin wannan darasi lokacin da nake ɗalibi, daga baya kuma sana'ar gina shafuka ta sa na ci gaba da bibiyar waɗannan ayyuka. Amsata a taƙaice ita ce, ruɗewar da kika yi da gajiyar da kika ji su ne kayan rubutunki, domin yawancin waɗannan ayyuka ba a yi su don a tsaya a yaba kyansu ba, an yi su ne don a ga abin da hannun mai kallo zai yi idan shafi ya ƙi yi masa abin da ya saba.

Shafin da kika ce tarkace ne, bisa yadda kika kwatanta shi da koren rubutu a kan baƙin allo, ina kyautata zaton aikin JODI ne na shekarar 1995. JODI mutum biyu ne, Joan Heemskerk 'yar ƙasar Holan da Dirk Paesmans ɗan ƙasar Beljiyam. Ki buɗe shi a kwamfuta, ba a waya ba, sannan ki danna Ctrl da U tare, domin ki ga ainihin rubutun da aka gina shafin da shi. A nan za ki tarar da zanen bam ɗin nukiliya, an tsara shi da haruffa da alamomin rubutu, layi bisa layi, tsaf. Dalilin da ya sa yake fitowa a hargitse a gaba shi ne, manhajar buɗe shafuka ba ta kula da yawan tazarar da aka bari tsakanin haruffa ko inda aka yanke layi sai an umarce ta da haka, su kuma da gangan suka ƙi ba ta umarnin. Saboda haka abin da kowa yake gani shara ne, abin da aka ɓoye a baya kuma shi ne mai tsari. A ajinmu wasu sun rufe shafin da sauri don sun zaci kwamfutar ta kamu da cuta, kuma wannan tsoron yana cikin abin da masu aikin suke nema su tayar.

Wanda na fi so ki ba shi lokaci shi ne aikin Olia Lialina, 'yar ƙasar Rasha, wanda ta fitar a 1996 da sunan My Boyfriend Came Back from the War. Labari ne na saurayi da budurwa da suka sake haɗuwa bayan ya dawo daga yaƙi, amma ba a ba ki labarin a jere ba. Allon baƙi ne, hotunan fari da baƙi ne masu dishi-dishi, kuma duk lokacin da kika danna wata jimla ko wani hoto, sai allon ya rabe gida biyu, ki sake dannawa ya sake rabewa, har ya zama ƙananan akwatuna da yawa, kowanne ɗauke da guntun magana. Wani akwatin tambaya ce da ba a amsa ba, wani batun aure ne, wani kuma zancen amanar da aka ci ne. Ke ce kike zaɓar wanda za ki fara buɗewa, don haka hirar da kika karanta ba lallai ta zo daidai da ta wadda take zaune kusa da ke ba. A ƙarshe akwatunan suna komawa baƙi ɗaya bayan ɗaya, ba sauran abin dannawa. Abin da ya kama ni a aikin shi ne, rabewar allon ita kanta take nuna yadda mutum biyu suke zaune wuri ɗaya amma maganarsu ta kasa haɗuwa, kuma ni ne da hannuna nake ƙara raba su da kowace dannawa. Littafi ba zai iya yin haka ba, sinima ma ba za ta iya ba, kuma wannan ita ce hujjata ta cewa fasaha ce.

Sai dai ki tuna da zamanin da aka yi shi. A 1996 ta layin tarho ake shiga intanet, hoto ɗaya yakan ɗauki lokaci kafin ya gama sauka, kuma wannan jira yana cikin aikin, shi ne shirun da ke tsakanin maganar masoyan biyu. Mai sabis mai sauri a yau zai iya ratsa shi cikin 'yan mintoci ya ce bai ga komai ba. Lialina ta sake taɓo wannan batu a 2013 da wani aiki mai suna Summer, inda aka ɗauke ta tana lilo, amma kowane hoto na motsin yana ajiye a wani shafi daban, don haka saurin lilon ya dogara da ƙarfin sabis ɗin mai kallo. Mu da muka san yadda sabis yake ɗaukewa ana tsaka da aiki, muna da abin faɗa a kan wannan wanda ɗalibin Landan ba shi da shi, kuma ina ba ki shawara ki rubuta shi kai tsaye, ki faɗi inda lilon ya tsaya miki a sama.

Akwai wani rukuni da jama'a ne suke gina aikin da kansu. Douglas Davis, wani mai fasaha ɗan ƙasar Amurka, ya fara wata jimla a 1994 wadda kowa zai iya ƙara mata kalmomi, da sharaɗi ɗaya, ba a sanya aya, domin kada jimlar ta ƙare. Wani da ya shahara ƙwarai shi ne r/place na dandalin Reddit, wanda aka buɗe a watan Afrilun 2017 na tsawon awa 72. Farin fili ne mai ɗigo 1000 a tsaye da 1000 a kwance, kowa yana da damar sanya ɗigon launi ɗaya, sannan ya jira 'yan mintoci kafin ya sake sanya wani. Da yake mutum ɗaya ba zai iya zana komai da wannan ƙa'ida ba, dole mutane suka haɗa kai kamar masu aikin gayya, wasu na zana tutar ƙasarsu, wasu na gadin abin da suka zana, wasu kuma ba su da aiki sai shafe na wasu da baƙi. Mutane fiye da miliyan ɗaya suka shiga. Hoton ƙarshe, a ganina, bai kai ya kawo ba, tutoci da tambura sun cinye shi, amma bidiyon da ke nuna yadda filin ya riƙa sauyawa cikin kwana ukun nan ya cancanci kallo, domin a nan ake ganin sulhu da cin iyaka da ramuwa. Idan kuwa malaminku ya sa The Million Dollar Homepage a jerin, wato shafin da ɗalibin Ingila Alex Tew ya fara sayar da ɗigo miliyan ɗaya a kan dala ɗaya kowanne a 2005, ni dai allon talla na ɗauke shi, kuma kina da 'yancin faɗar haka muddin kin kawo dalili.

Game da shafin da ya ƙi buɗewa, mai yiwuwa laifin ba na kwamfutarki ba ne. Ayyuka masu yawa na shekarun 2000 an gina su ne da Flash, wata manhajar sanya motsi da sauti a shafuka, kamfanin Adobe kuma ya daina tallafa masa a ƙarshen 2020, saboda haka manhajojin yanzu ba sa buɗe su. Ki nemi sunan aikin a Internet Archive, wato taskar da ke adana tsofaffin shafukan intanet, ko a taskar ƙungiyar Rhizome da ke New York, wadda Mark Tribe ya kafa a 1996, kuma tsakanin 2016 da 2019 ta sake farfaɗo da ayyuka 100 a shirinta na Net Art Anthology, da yawansu a cikin kwaikwayon tsohuwar manhajar da aka yi su dominta. Ko jimlar Davis sai da ta lalace a hannun gidan adana kayan fasaha na Whitney, kuma da suka gyara ta a 2013 sai suka fitar da ita kashi biyu, ɗaya a yadda take tun asali da matattun mahaɗanta, ɗaya kuma sabuwa da ake iya ci gaba da ƙara mata rubutu. Tambayar wanne ne ainihin aikin a cikin biyun ta isa ta cika miki shafi guda.

Wajen rubutun kuwa, kada ki kwafo yabon da masana suka yi, domin malami yana gane wannan tun daga layin farko. Ki fara da na'urar da kika yi amfani da ita da ranar da kika shiga, tunda aikin yana iya sauyawa ko ya ɓace. Sannan ki bayyana abin da kika fara dannawa da abin da kika yi tsammanin zai faru, da abin da ya faru a zahiri, da daidai wurin da kika gaji ko kika ji kamar ki rufe. Bayan haka ne za ki karanta tarihin aikin, ki koma ki sake buɗe shi, ki rubuta ko ra'ayinki ya sauya ko yana nan. Ayyuka biyu da kika zauna da su sosai sun fi goma da kika leƙa kika wuce, kuma idan datarki ba ta da yawa, na JODI da na Lialina na 1996 ba su da nauyi ko kaɗan. Idan kin turo sunayen sauran shafukan da ke jerin, zan duba in gaya miki waɗanda har yanzu suke buɗewa da inda za ki samu waɗanda suka mutu. Allah ya ba da sa'a.