Amsa kan maigida da littafin ciniki

Ka ce maigidanka a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya sayi kwamfuta, amma har yau a littafi ake rubuta cinikin albasa, ko taurin kai ne? A'a, Malam. Bashin shekara da shekaru na cikin littafin nan, yaran shago kuma da shi suka koyi aiki, shi ya sa barinsa ke da wuya.

Sai dai ana canzawa idan wani ya tsaya. Lokacin ƙarancin kuɗi na 2023, namu maigidan a Agege ya rantse ba zai karɓi tiransifa ba, sai da ɗansa ya kawo POS ya zauna yana nuna masa. Ka fara shigar da cinikin yau kawai a kwamfutar, tsohon bashi ka bar shi a littafi.