Wane gari zan koma da yara idan na bar birni?

Ɗan'uwa, ka ce hayar gida a cikin Kano ta ishe ka, kana neman gari kusa mai makarantar kirki. Ni Dawakin Kudu zan fara nuna maka, sai Wudil.

Amma kada sunan kwalejin kimiyya ta Dawakin Kudu ko ta Dawakin Tofa ya ruɗe ka. Makarantun kwana ne, da jarrabawa ake shiga, zama a garin ba ya ba ɗanka gurbi. Abin da zai dame ka kullum shi ne firamare.

Ka je da kanka ranar Litinin da hantsi, ba tare da sanarwa ba. Leƙa aji uku. Yara nawa ne a ƙasa, nawa a benci? Malami yana ciki? Karɓi littafin yaro ɗaya ka ga ko jan biro ya taɓa shi. Ni da na yi haka, wata makaranta mai fenti sabo na tarar ba a duba aikin yara ba tun farkon zango, raina ya ɓaci sosai.

Wudil kuwa, jami'ar kimiyya da fasaha da ke garin ta jawo malamai da iyalansu, don haka akwai makarantun kuɗi. Ka kuma tambayi Islamiyya da ruwan sha kafin ka biya kuɗin haya.