Filin Tambaya da Amsa: Kaskar Turai da Allurar Rigakafin Kumburin Ƙwaƙwalwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗalibi ne, na sami gurbin karatun digiri na biyu a fannin kula da gandun daji a wata jami'a da ke jihar Bavaria a ƙasar Jamus, kuma zan tashi a watan Maris in Allah Ya yarda. A cikin takardun da aka aiko mini an ce ya kamata in yi allurar rigakafin wata cuta da suka rubuta FSME, wadda aka ce kaska ce ke kawo ta. Ni kuwa a cikin shanu na tashi, kaska ta cije ni ba adadi tun ina yaro, ban taɓa kwanciya saboda ita ba, ga shi kuma ina da katin allurar shawara. Shin wannan allura dole ce? (Wani mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah Ya sa ka tafi a sa'a. Idan nufinka dole irin ta doka, babu wanda zai tare ka a filin jirgi ya nemi shaidar wannan allura. Amma duba da irin karatun da za ka yi da kuma jihar da ka nufa, ni ina ganin ka yi ta, kuma kada ka yi jinkiri.

FSME sunan da Jamusawa suka ba cutar kumburin ƙwaƙwalwa da kaska ke kawowa ne. Ƙwayar bairos ce ke haddasa ta, wadda ta fito daga dangi ɗaya da ƙwayar zazzaɓin shawara, sai dai wannan dangantaka ba ta sa allurar ɗaya ta kare mutum daga ɗayar ba, don haka katin da ke hannunka ba zai amfane ka a nan ba. Haka nan cizon da ka sha a garke bai ba jikinka wata garkuwa ba, domin wannan cuta ba ta ƙasashenmu ba ce. Gidanta yankin da ya taso daga tsakiyar Turai da arewacinta, ya ratsa Rasha da Saiberiya, har ya dangana da arewacin Sin da Japan. A shekarar 1937 ne masanan Tarayyar Sobiyat suka gano ƙwayar a gabas mai nisa ta ƙasarsu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana kai rahoton mutum 10,000 zuwa 12,000 da suka kamu a kowace shekara. A Jamus, Cibiyar Robert Koch, wato hukumar gwamnati mai sa ido kan cututtuka, tana fitar da taswirar gundumomin da ke da haɗari duk shekara, kuma jihohin Bavaria da Baden-Württemberg ne suka fi yawa a cikinta.

Abin da nake so ka lura da shi sosai shi ne kaskar can ba irin wadda ka saba gani ta cika ta kumbura a kunnen saniya ba ce. Wadda ta fi cizon mutane ƙarama ce da ba ta gama girma ba, ba ta wuce ƙwayar gero ba, tana laɓewa a kan ciyawa da ƙananan tsirrai a bakin daji, ta manne wa ƙafar wandon mai wucewa, sannan ta hau har ta sami wuri mai laushi kamar bayan gwiwa ko hammata ko matsematsi. Cizon ba ya zafi, shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka kwanta ba su ma san an cije su ba. Ƙwayar tana cikin yawun kaskar ne, tana iya shiga jiki tun farkon cizon, saboda haka cire ta da wuri, duk da muhimmancinsa, ba ya ba da tabbacin tsira. Kaska tana fitowa ne tun daga wajen watan Afrilu har zuwa Nuwamba, wato daidai lokacin da za a riƙa kai ku daji aiki.

Gaskiya ne yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa jin komai. Waɗanda ta kama kuwa, bayan mako ɗaya zuwa biyu sukan yi zazzaɓi da ciwon kai da kasala na 'yan kwanaki, sai su ji sun warke. A wajen wasu daga nan ta ƙare, amma wasu bayan kamar mako guda sai zazzaɓin ya dawo da ƙarfi, da sanƙarewar wuya irin ta sanƙarau, da ruɗewa, wani lokaci har da shanyewar hannu ko kafaɗa. Nau'in da ke Turai yana kashe kamar mutum 1 zuwa 2 cikin 100 na waɗanda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, na gabashin Rasha ya fi haka muni nesa ba kusa ba, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai masu fama da mantuwa da ciwon kai da raunin gaɓoɓi na tsawon watanni ko shekaru. Wannan shi ne abin da ya fi damuna game da ɗalibi irinka, wanda ƙwaƙwalwarsa ce jarinsa, musamman da yake har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar idan ta shiga, sai dai jinya da tallafa wa jiki a asibiti.

Allurar kuwa daɗaɗɗiya ce, an ga aikinta. Ostiriya ta fara yi wa jama'arta ita gaba ɗaya a shekarar 1981, kuma yawan masu kamuwa ya ragu ƙwarai. Iri biyu aka fi amfani da su a Turai, FSME-Immun, wadda a wasu ƙasashe ake kira TicoVac, da kuma Encepur. Sau uku ake yi: ta biyu bayan wata 1 zuwa 3, ta uku bayan wasu watanni har zuwa shekara, sannan a ƙara ɗaya bayan shekara 3. Ga mai gaggawa akwai tsarin da ake yin ta biyu bayan kwana 14, kuma biyun farko suna ba da kariya mai kyau ta wannan kakar. Da yake ba ta cikin jerin allurar rigakafin da ake yi a ƙasarmu, hanya mafi sauƙi ita ce da zarar ka sauka ka kammala rajistar inshorar lafiya, ka je wurin likitan unguwa a makon farko, domin inshorar gwamnati a Jamus tana biya wa mazauna gundumomin da ke da haɗari. Idan ƙwai yana tayar maka da borin jini mai tsanani, ka sanar da likitan kafin a yi maka.

Ko bayan allurar, ka riƙa sa dogon wando ka cusa ƙafarsa cikin safa, ka shafa man korar ƙwari, ka duba jikinka duk yamma, domin kaskar nan tana ɗauke da wata cutar mai suna Lyme wadda wannan allura ba ta hana ta. Idan ka ga kaska ta kama, ka sa hantsaki ka riƙe ta dab da fata ka ja a hankali, ban da ɗiga mata kananzir ko ƙona ta da ashana. Sannan tun da kai ma'abocin nono ne, ka guji ɗanyar madarar akuya ko tunkiya ko saniya da cukun da aka yi da ita a ƙauyukan can, domin ta wannan hanyar ma ana kamuwa.

Tambaya: Likita, ni zan halarci taro ne na kwana biyar a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya a watan Janairu. Ina buƙatar wannan allura? (Wata mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, ba ki buƙatarta. Tafiyar cikin hunturu ce, lokacin da kaska ba ta cika fitowa ba, kuma zirga-zirgarki tsakanin masauki da zauren taro ce. Idan wata rana tafiyar ta faɗo tsakanin Afrilu da Nuwamba, kuma akwai yawo a daji ko kwana a gona a cikin shirin, ki nemi likita aƙalla wata guda kafin ranar fita dajin.